Ai Namiji Ne: Kalmomi Uku Da Ke Rufe Bakin 'Ya'yanmu Maza



Akwai wata ƙidaya da ake yi a gidajenmu kullum da magariba, daga Hausari zuwa Gwange, daga Bulumkutu zuwa Bolori. Ana kiran salla uwa za ta leƙa ɗaki ta ga ko 'yan mata sun cika. In ɗaya ba ta dawo daga islamiyya ko wajen talla ba, gidan ba zai zauna lafiya ba sai an gan ta, a aiki wannan, a buga wa wancan waya. Amma yaro ɗan shekara goma sha ɗaya zai kai ƙarfe goma na dare a waje, in wani ya tambaya a ce yana wajen abokansa, ko yana gidan kallo, ko maigidansa bai sallame shi ba tukuna. Daga nan sai a rufe zancen da kalmomi uku: ai namiji ne.

A kan kalmomin nan muke son yin magana yau. Mun daɗe muna juya batun a tsakaninmu kafin a amince a rubuta shi, domin yana da nauyi a baki, kuma mun san akwai masu ganin ba a kawo irinsa bainar jama'a. To amma abin da muke ji a zaman sulhu ya kai inda shirun ya fi maganar nauyi.

Yadda maganar ke zuwa mana

Ba a cika zuwa a ce mana kai tsaye an yi lalata da yaro ba. Maganar takan zo ne da wata riga. Uba zai ce ɗansa ya lalace, ya daina zuwa gareji. Uwa za ta ce yaron da ya wuce fitsarin kwance tun tuni ya dawo yana yi. Wani a ce ya zama mafaɗaci, yana dukan ƙannensa ba dalili. Wani kuma a ce an kama shi da ƙwaya a aljihu. Abin da ake nema a wajenmu shi ne mu yi wa yaron faɗa.

Wata baiwar Allah da rikici ya koro daga garinsu, mijinta ya rasu a hanya, ta kai ɗanta mai shekara goma sha biyu koyon sana'a wajen wani mutum da unguwa ke ganin girmansa. Mutumin yana ba yaron kuɗin abinci, ya yi masa ɗinkin salla, wani lokaci har ya aiko wa uwar da ɗan abin cefane. Bayan wata shida yaron ya ce shi ba zai koma ba. Aka tambaye shi dalili, ya sunkuyar da kai. Kawunsa ya zane shi, ya ce lalaci ne ke damunsa, ya kama hannunsa ya mayar da shi da kansa, har ya ba mutumin haƙuri. Sai da ciwo ya kwantar da yaron, ma'aikaciyar jinya ta duba shi ta ja uwar gefe, sannan aka san abin da ya ƙi faɗa. Da aka tambaye shi daga baya me ya hana shi magana, amsarsa gajera ce: "Za a ce ni ba namiji ba ne."

Kada wani ya ɗauka wannan abu ne na jefi-jefi. A shekarar 2014 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, tare da UNICEF da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta gudanar da bincike a faɗin Najeriya kan cin zarafin yara. Sakamakon ya nuna cewa mace ɗaya cikin huɗu, da namiji ɗaya cikin goma, an ci zarafinsu ta hanyar lalata kafin su cika shekara 18. Waɗanda suka samu wani taimako bayan haka ba su kai kashi biyar cikin ɗari ba. Nauyin ya fi faɗawa kan 'ya'yanmu mata, wannan babu musu, kuma babu abin da za mu faɗa a nan da zai rage shi. Amma ku ɗauki ɗaya cikin goman nan ku shiga ajin firamare mai yara maza hamsin, ku ƙirga. Mutum biyar ke nan, kowannensu da sunansa da uwar da ta haife shi.

Inda ake ɗinke bakin

Yaron da ya ce za a ce shi ba namiji ba ne, bai ƙirƙiro maganar ba. A gida ya koye ta. Tun yana rarrafe, in ya faɗi ya fasa baki, abin da zai fara ji shi ne "yi shiru, namiji ba ya kuka." Ranar kaciya ana yabon wanda bai yi ƙara ba, wanda ya yi kuwa a riƙa tsokanarsa har ya girma. In an doke shi a waje ya dawo da hawaye, a ce ya koma ya rama ko a ƙara masa. In ya cika zama kusa da uwarsa a kira shi na-mata, in ya taya ta wanke-wanke a ce za a mayar da shi ɗan daudu. Kafin ya kai shekara goma ya riga ya haddace darasin: namiji shi ne mai ƙarfi, mai iko, wanda ba a cin galabarsa, kuma mafi munin zagi a duniya shi ne a kamanta shi da mace.

To ku duba halin da wannan yaro zai shiga ranar da wani babba ya fi ƙarfinsa. Duk abin da aka gina shi a kai ya rushe a dare ɗaya. Yana ganin laifinsa ne da bai iya ƙwatar kansa ba. Yana tsoron in ya faɗa, sunan da za a laƙaba masa a unguwa zai bi shi har kabari, abokai su guje shi, gobe in ya je neman aure a tono. Masu wannan ɗanyen aiki sun san haka sarai. Ba sa bukatar wuƙa. Ya ishe su su ce wa yaro, "In ka faɗa, kai za ka ji kunya."

Tsarin da ya ɗora namiji a sama, ya ce komai ya yi ado ne, mun saba kallonsa a matsayin abin da mata kaɗai ke ɗanɗana kuɗarsa. Yaro namiji ma yana biyan nasa kason. An ce shi babba ne tun bai girma ba, don haka aka janye masa tsaron da ake ba yara. Tun yana ɗan shekara tara ko goma an fitar da shi daga ɗakin uwarsa zuwa shago ko zaure, yana kwana da samari da baƙi da duk wanda dare ya yi wa. Ana aikensa ko'ina, a kowane lokaci. Kuma an hore shi da cewa babba ba ya ƙarya, yaro ba ya musu da na gaba da shi. Girmama manya tarbiyya ce mai kyau da muke alfahari da ita, sai dai mugu yakan fake a bayanta, domin mafi yawan masu cutar da yara ba baƙi ba ne. Maƙwabci ne, ko maigida a wajen sana'a, ko babban ɗalibi a makarantar kwana, ko ɗan uwa na jini.

Akwai kuma wanda ba a ma ɗauke shi laifi ba. In babbar mace ce ta ja yaro ɗan shekara goma sha uku, a majalisa dariya ake yi, a ce yaro ya yi sa'a. Alhali duk wanda ya yi karatun allo ya san ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam: saurayi ne a ƙarƙashin ikon gidan da ya tashi, uwar gidan ta neme shi, ya guje mata, shaida ta wanke shi, amma duk da haka shi aka kai kurkuku don a rufa wa manya asiri. Muna karanta wannan muna kuka, sannan mu kasa gane shi in ya faru a layinmu.

Abin da shekarun rikici suka ƙara

Mu mazauna Maiduguri namu ya zo da ƙari. Tun daga 2009 rikicin Boko Haram ya raba dubban yara da iyayensu maza. Yaron da ya kamata a ce yana aji huɗu ya wayi gari shi ne mai ciyar da gida: yana tura baro a Kasuwar Monday, yana dako a Tashar Baga, yana bin mai Keke Napep, yana tsintar ƙarafa. Wanda ke neman abin da uwarsa da ƙannensa za su ci yau, da wuya ya iya ce wa mai ba shi naira ɗari biyar a'a. Ambaliyar da ta biyo bayan fashewar madatsar Alau a watan Satumban 2024 ta sake watsa iyalai, yara suka yi makonni suna kwana a makarantu da sansanoni cikin mutanen da ba su sani ba.

A watan Oktoban 2016 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan mata da 'yan mata 43 da aka ci zarafinsu a sansanonin 'yan gudun hijira bakwai na garin nan, kuma waɗanda aka zarga su ne waɗanda aka ɗora wa amanar tsaronsu. Ƙannensu da 'ya'yansu maza suna cikin tantunan nan, suna gani, suna koyon cewa mai riƙe da katin abinci yana iya yin abin da ya ga dama. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce tsakanin Janairun 2013 da Maris ɗin 2019 an tsare yara fiye da 3,600 bisa zargin alaƙa da masu tayar da ƙayar baya, fiye da rabinsu maza. A watan Afrilun 2019 Amnesty International ta ba da rahoton cewa manyan fursunoni na lalata da yara maza da ke tsare a gidan yarin Maiduguri, kuma gwamnatin jiha ta lokacin ta kafa kwamitin bincike kan zargin. Yaran nan yau samari ne. Suna cikinmu, wasu sun yi aure, wasu muna sahu ɗaya da su a masallaci. Mutum nawa ne aka zaunar aka tambaya me ya same su a can?

Ba a Borno kaɗai ba ne. A watan Satumban 2019 'yan sanda sun buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum fiye da 300, yara da manya, wasu da mari a ƙafa, wasunsu suka ba da labarin lalatar da aka yi da su. Makonni kaɗan bayan haka aka sake gano irinsa a Daura. Abin da ya fi taɓa mu a labarin shi ne yawancinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, don a gyara musu tarbiyya. An ce yaro ya kangare, an nemi wanda zai karya shi, ba a nemi sanin abin da ya kangarar da shi ba.

Borno gidan Alƙur'ani ce, kuma da yawa daga cikin kakanninmu neman karatu ne ya kawo su gabas. Muna da alarammomi masu tsoron Allah da ke riƙe da almajirai kamar 'ya'yan cikinsu. Amma malami ɗaya ba zai iya sanin inda yara tamanin suke shiga da rana ba, ko gidan wa suke yi wa aiki, ko wa ke kiransu da dare ya ba su tuwo. Uban da ya sauke ɗan shekara bakwai daga motar Kano ko Katsina ko Damagaram, ya juya bai sake leƙowa ba sai bayan shekara biyu, ya sani cewa amanar tana wuyansa har yanzu.

Abin da yaro ke koya da ido

Cin zarafin mata ma yana yi wa yaro namiji illa ko da ba a taɓa jikinsa ba. Ku zauna a kowace majalisa da yamma lokacin da 'yan mata ke dawowa daga makaranta. Wani zai yi fito, wani ya jefa magana kan jikinta, sauran su kwashe da dariya. A gefen benci akwai ɗan shekara goma da aka aika sayo shayi, yana sauraro. A gida yana ganin an zagi uwarsa a gabansa, in ta yi magana a ce mace ce, ba ta da ta cewa. Yana ganin yayarsa ta dawo tana kuka wani ya taɓa ta a cikin keke, tambayar farko da aka yi mata ita ce me ta saka, me ya fitar da ita. Ga kuma waya a hannunsa, abokai na tura masa abin da ko babba bai kamata ya gani ba, babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya yi masa bayanin balaga.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yaron da ya tashi a haka zai ɗauka mazantaka ita ce ka sa wani ya ji tsoronka. Wanda zuciyarsa ba ta yarda da hakan ba sai ya yi shiru don kada a kira shi rago, in ya girma ya kyautata wa matarsa a ce mijin-ta-ce ne. A Suratun Nur, umarnin runtse ido maza aka fara yi wa kafin mata, amma a tarbiyyarmu wa'azin kamun kai kusan duka a kan 'ya mace yake sauka.

A nan akwai abin da ya kamata a kiyaye. Ana yawan cewa duk yaron da aka lalata shi ma zai lalata wani. Wannan magana ba gaskiya ba ce, mafi yawansu ba sa cutar da kowa, kuma yaɗa ta na ƙara sa su ɓoye. Abin da aka fi gani shi ne suna cutar da kansu: rashin barci, firgita, faɗuwa a karatu, fushi marar dalili, shaye-shaye, wani har ya yi tunanin kashe kansa. A ce aljanu ne, a yi ta hayaƙi, ciwon na nan inda yake.

Doka ta canza

Tsohuwar dokar Penal Code da Arewa ke aiki da ita tun 1960 ta fassara fyaɗe a matsayin abin da namiji ke yi wa mace kawai. Dokar hana cin zarafin jama'a ta VAPP, wadda aka sa wa hannu a 2015, ta faɗaɗa ma'anar ta haɗa da maza da yara maza. A watan Janairun 2022 Gwamna Babagana Umara Zulum ya sa hannu a kan wannan doka a Jihar Borno, tare da dokar kare haƙƙin yara. Ke nan yaro namiji da aka yi wa wannan aika-aika yana da hurumin da 'yar uwarsa ke da shi a gaban alƙali. Sai dai doka ba ta shiga gida da kanta, sai an kai mata ƙara. Abin da ya fi kashe irin waɗannan shari'o'i shi ne zaman rufin asiri: manya su taru a zaure, a ce a duba zumunci, a ba da kuɗin magani, mai laifi ya yi rantsuwa, a tashi. Bayan wata uku ya samu wani yaron.

Abin da muke roƙo

Iyaye maza, da ku muka fara. Ku san inda 'ya'yanku maza suke kwana da wanda suke kwana tare da shi. Addini ya yi umarni a raba wa yara makwanci in sun kai shekara goma, bai ce a tura su inda ido ba ya kaiwa ba. Ku je wajen sana'ar da kuka kai yaro ba tare da sanarwa ba. In babban mutum ya cika yi wa ɗanku kyauta, yana keɓewa da shi, ku tambayi dalili, ba rashin kunya ba ne. Ku ja yaran nan a jiki. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya sumbaci jikansa Hasan a gaban mutane, kuma ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Babu wanda ya kai shi mazantaka.

Iyaye mata, ku gaya wa yaro tun yana ƙarami, da harshen da zai gane, cewa akwai wuraren jikinsa da babu mai ikon taɓawa, ko malami ne ko kawu, kuma duk wanda ya ce masa "kada ka gaya wa Umma" to lallai ya zo ya gaya miki. In yaro ya ƙi zuwa wani wuri da ya saba zuwa, a ajiye bulala a tambaye shi a keɓe, cikin lallashi.

In abin ya riga ya faru, kalmar farko da yaro ke bukatar ji ita ce an yarda da shi, kuma ba laifinsa ba ne. A kai shi asibiti nan take, kada a wuce awa 72, domin a cikin wannan lokaci ne maganin kariya daga cutar HIV ke aiki. Kada a wanke tufafin da ke jikinsa, shaida ne. Akwai Cibiyar Nelewa a asibitin Umaru Shehu da ke Bulumkutu, wadda aka kafa domin waɗanda aka yi wa fyaɗe, kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke hanyar Baga yana da masu ba da shawara ga wanda abin ya tsaya wa a rai. Zuwa can ba hauka ba ne. A kai rahoto ga 'yan sanda, a sanar da Bulama. Kada a ɗauki doka a hannu, kuma don Allah kada a sa hoton yaro ko sunansa a Facebook ko WhatsApp da sunan neman masa haƙƙi.

Samarinmu na majalisa, ƙannenku na kallonku. Mutum ɗaya in ya ce "kai, bari, ba kyau" lokacin da aka jefi yarinya da magana, ya isa ya sauya zaman gaba ɗaya.

Mu kuma a ƙungiyance mun tsayar da magana ɗaya. Za mu ci gaba da sulhunta rikicin aure, da na bashi, da na iyakar fili, kamar yadda muka saba. Amma maganar lalata da yaro, mace ko namiji, ba za mu zauna sulhu a kanta ba, ko wane ne ya aikata, ko ɗan wane ne. Za mu raka iyaye asibiti, mu raka su wajen hukuma, mu rufa wa yaron asiri. Duk wanda ke da irin wannan damuwa a gidansa, ko babba ne da abin ya same shi tun yana yaro bai taɓa faɗa wa kowa ba, yana iya samun ɗaya daga cikin dattawanmu ko shugabar mata a keɓe. Maganar ba za ta wuce nan ba sai da yardarsa.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya kare su daga sharrin na nesa da na kusa, Ya ba waɗanda aka zalunta lafiya da haƙƙinsu, Ya dawwamar da zaman lafiya a Borno da ƙasa baki ɗaya. Amin.

Daga Sakataren Ƙungiya, a madadin shugabanni.